Labarin Likita Edwad Jenna, Wanda Bai Ɓoye Maganinsa Ba

Ya kai mai karatu, in akwai dattijo a gidanku, ka roƙe shi ya naɗe hannun rigarsa, ka duba damtsensa. Mai yiwuwa ne ka ga wani tabo kewayayye wanda bai kai girman anini ba. Wannan ita ce lamba, an kuwa yi masa ita ne domin a tsare shi daga agana. Yaran yau ba su san agana ba sai da suna, gama ta ƙare a duniya ƙaf. Amma kafin ta ƙare, sai da Allah ya ta da wani mutum, likitan ƙauye, wanda ya binciki maganinta da haƙuri, da ya same shi kuma bai ɓoye ba. Labarinsa ne muke so mu ba ka a cikin wannan 'yar takarda, domin ka dubi halinsa, ka auna naka.

Agana da Ɓarnarta

Agana tsohuwar cuta ce ƙwarai. Har a fuskar gawar Ramsis na Biyar, Fir'aunan Masar wanda ya mutu fiye da shekara 3,000 da suka wuce, an ga ƙuraje masu kama da nata. Takan soma da masassara mai zafi da ciwon kai da ciwon baya, kana ƙuraje su feso a baki da fuska da hannuwa, su cika da mugunya, har uwa ta kasa shaida ɗanta. Cikin mutum 10 da ta kama, wajen 3 sukan mutu. Waɗanda suka tashi kuwa, sukan tashi da zanzana a fuska har iyakar ransu, waɗansu kuma su makance.

Ba ta san talaka ba, ba ta san sarki ba. Ita ta kashe Sarauniya Maryamu ta Biyu ta Ingila a 1694, ita ta kashe Sarki Luwi na 15 na Faransa a 1774. Sa'ad da Turawan Sifen suka kai ta Meksiko a 1520, mutanen ƙasar, da yake ba su taɓa saninta ba, sai suka riƙa zuba kamar ganye, har mulkinsu ya rushe. A ƙarnin da aka haifi Jenna, an ƙiyasta takan kashe mutum wajen 400,000 kowace shekara a ƙasashen Turai kaɗai.

Tun da daɗewa mutane sun lura wanda ya yi agana ya tashi, ba ya sake yinta. Saboda haka a Sin da Indiya da ƙasar Turkawa da wurare da yawa na Afirka aka sami wata dabara. Sai a ɗebi ruwan ƙurjin mai agana, a tsaga fatar mai lafiya kaɗan, a shafa masa, domin ya yi cutar da sauƙi ya huta. Bari mu kira wannan dashen agana. Wata baturiya, Maryamu Montagu, ta ga ana yinsa a Santambul, ta sa aka yi wa 'ya'yanta, ta kuwa yaɗa shi a Ingila daga 1721. A birnin Bostan na Amurka kuma, wani bawa baƙar fata, Onisimus, wanda aka yi wa dashen tun yana Afirka, shi ya koya wa ubangidansa. Dashen ya ceci mutane da yawa, amma yana da aibi biyu. Cikin 100 da aka dasa wa, 1 ko 2 sukan mutu. Wanda aka dasa wa kuma yana iya ɗaukar wa maƙwabtansa cutar sosai, har annoba ta tashi daga gida guda.

Maraya a Barga

An haifi Edwad Jenna ran 17 ga watan Mayu, 1749, a wani ƙaramin gari, Bakli, a yammacin Ingila, ƙasar makiyaya da masu tatsar shanu. Ubansa, Istifanus Jenna, shi ne limamin ikilisiyar garin. Edwad yana da shekara 5 uwa da uba suka rasu a shekara guda, sai wansa, wanda shi ma ya bi aikin ubansu, ya riƙe shi tare da yayyensa mata.

Da ya kai shekara 8 aka yi masa dashen agana bisa ga al'adar likitocin zamanin. Makonni aka yi ana zubar masa da jini, ana ba shi maganin wankin ciki, ana rage masa abinci, har ya rame ya zama sai ƙashi da fata. Sa'an nan aka dasa masa cutar, aka kulle shi a wata barga tare da waɗansu yara, har ta sake su. Ya tashi, amma bai manta da wannan wahala ba muddin ransa. Ka lura, ya ɗan'uwa, wahalar ƙuruciya takan sa wani ya taurare, ya ce kowa ma ya sha yadda na sha. Wani kuwa takan sa shi ya nemi hanyar da na bayansa ba za su sha ba. Jenna yana cikin na biyun.

Yana da wajen shekara 14 aka ba da shi almajiranci wurin wani likita, ya yi shekara 7 yana koyon ɗauri da tsaga da haɗa magani. A 1770 ya tafi Landan wurin Jon Hunta, babban likitan fiɗa na zamanin. Babban abin da Hunta ya dasa a zuciyarsa shi ne, kada ya tsaya ga zato, sai ya gwada, ya yi haƙuri, ya rubuta abin da idonsa ya gani daidai, ba ƙari ba ragi. Ƙofofin ɗaukaka sun buɗe masa a birni, amma da ya gama sai ya koma Bakli, ya zama likitan manoma, yana hawan doki cikin ruwa da sanyi yana bin marasa lafiya gida gida.

Zancen Masu Tatsa

A ƙasarsu akwai wata 'yar cuta mai fitowa a hantsar saniya, ana ce da ita aganar shanu. Mai tatsa in yana da rauni a hannu yakan ɗauka, ƙuraje kaɗan su fito masa, ya yi 'yar masassara ta kwana biyu, shi ke nan ya warke. Masu tatsa da manoma sun daɗe suna cewa wanda ya yi aganar shanu, agana ba ta kama shi. Har wani manomi, Biliyaminu Jesti, ya sa wa matarsa da 'ya'yansa biyu aganar shanu da hannunsa a 1774, lokacin wata annoba, suka kuwa tsira. Amma maƙwabtansa suka tsangwame shi, zancen bai yi nisa ba.

Yawancin masana sun ɗauki maganar tatsuniyar ƙauyawa ce. Jenna bai rena ta ba, bai kuma haɗiye ta haka kawai ba. Ya yi shekaru da yawa yana bincike. Yana bin garke garke, yana duban hantsar shanu da hannuwan masu tatsa, yana rubuta sunan wanda ya yi aganar shanu da shekarar da ya yi ta. Da ya iske waɗansu sun yi ta amma agana ta kama su daga baya, bai ɓoye wannan ba, bai kuma fid da zuciya ba. Ya ci gaba da dubawa har ya gane ƙurajen hantsa iri iri ne, ba duka ne aganar shanu ta gaskiya ba, ta gaskiyar ma sai an ɗebi ruwanta a kan kari take tsarewa. An ce ya dami abokansa likitoci da zancen har suka gaji da ji. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Ran 14 ga Mayu, 1796

A watan Mayu na 1796 wata budurwa mai tatsa, Saratu Nelms, ta zo wurinsa da ƙurajen aganar shanu a hannunta. Ran 14 ga watan Jenna ya ɗebi ruwan ƙurjin, ya yi 'yar tsaga biyu a hannun wani yaro mai shekara 8, Jemis Fips, ɗan mai yi masa aikin lambu, ya shafa. Bayan mako guda yaron ya yi 'yar masassara, ya ƙi abinci kwana ɗaya ko biyu, kana ya miƙe garau.

Saura gwaji mai nauyi. Ran 1 ga watan Yuli Jenna ya dasa wa yaron agana ta gaske, irin dashen da aka yi masa shi kansa a barga. Aka zauna jira. Kwanaki suka wuce, ba masassara, ba ƙuraje. Daga baya aka sake dasa masa sau da yawa, ba ta taɓa kama shi ba.

Kada mu wuce wurin nan da sauri. Ran ɗan talaka ne aka sa a ma'auni. Gaskiya ne dashen agana abu ne da ake yi wa yara kullum a zamanin, yaron kuwa da wuya ya kuɓuce masa ko ba Jenna. Duk da haka dokokin likitanci na yau ba su yarda a yi wa yaro gwaji irin wannan ba, daidai ne kuwa da suka hana. In muna yabon likitan, kada mu manta da yaron da budurwar, gama ta hannuwansu ne alherin ya bi ya iso gare mu. Jenna kansa bai manta ba. Da Fips ya girma ya yi iyali cikin talauci, Jenna ya ba shi gida ya zauna ba haya.

Abin da ya faru a jikin yaron, Jenna bai san dalilinsa ba, gama a zamaninsa ba a san ƙwayoyin cuta ba. Yanzu an sani. Ƙwayar aganar shanu da ta agana dangin juna ne, suna kama ƙwarai. Jiki in ya yi kokawa da mai rauni ya ka da ita, yakan riƙe kamanninta, ran da mai ƙarfin ta zo sai ta iske an shirya mata.

Reni da Hamayya

Jenna ya rubuta abin da ya gani ya aika wa babbar ƙungiyar masana ta Landan a 1797, shi ma kuwa ɗan ƙungiyar ne. Ba su buga ba, aka ce shaidarsa ba ta isa ba. Bai yi fushi ya zage su ba, gama maganarsu tana da kama. Ya koma ya ƙara gwaji. Ya nuna ana iya ɗaukar ruwan daga hannun yaro zuwa hannun wani yaro, ba sai an koma ga saniya ba. Har ɗansa na cikinsa, jariri da bai cika shekara ba, ya sa cikin waɗanda ya yi wa. A 1798 ya buga ɗan littafinsa da kuɗin aljihunsa, da labarin mutum 23 a ciki. Ya tafi Landan ya zauna wajen wata 3, bai sami ko mutum ɗaya da ya yarda ya miƙa hannu ba.

Da abin ya soma karɓuwa, sai hamayya ta tashi ta ko'ina. Masu cin abinci da dashen agana suka ga kasuwarsu za ta mutu. Masu zanen ba'a suka zana mutanen da aka yi wa lamba, kawunan shanu suna tsirowa a jikinsu. Waɗansu masu wa'azi ma suka ce ƙazanta ce a sa abin dabba a jikin ɗan Adam, waɗansu kuwa suka tsaya tare da shi, har suka riƙa yi wa mutanensu lamba da hannunsu. Akwai kuma abokai masu gaggawa waɗanda suka yi aikin da sakaci, ruwansu ya gauraya da na agana, mutane suka kamu, aka ɗora wa Jenna laifi. Ya yi ta rubuta takardu dare da rana yana koya yadda za a gane ƙurji na gaskiya da lokacin ɗiban ruwansa.

Buɗaɗɗen Hannu

A nan ne gindin labarin yake, ya mai karatu. A zamanin ƙuruciyar Jenna akwai wani mutum, Daniyel Suton, wanda ya gyara hanyar dashen agana ta yi sauƙi, amma ya riƙe asirin shekaru da yawa. Duk mai son koyo sai ya biya, ya kuma yi alkawarin ba zai faɗa wa kowa ba. Ya tara dukiya mai yawa. Wannan hanya a buɗe take ga Jenna, abin da yake hannunsa kuwa ya fi na Suton nesa ba kusa ba. Manyan likitoci sun shaida a gaban Majalisar Dokokin Ingila cewa da ya riƙe asirinsa, da ya zama babban attajiri.

Bai riƙe ba. Ya bayyana kome a fili tun daga littafinsa na fari. Duk wanda ya rubuto masa daga kowace ƙasa, sai ya busar da ruwan lambar a jikin zare, ko a bakin gashin tsuntsu, ko tsakanin gilashi biyu, ya aika masa kyauta tare da bayani. A cikin lambun gidansa akwai wata bukka mai jinka, a can yakan zauna a ranakun da ya sanya, talakawa su yi layi da 'ya'yansu, ya yi musu lamba ba ko anini. Aikin da yake ci da iyalinsa da shi ya ja baya, kuɗinsa suka zube. Sai Majalisa ta ba shi fam 10,000 a 1802, ta ƙara masa fam 20,000 a 1807, domin ta rama masa hasararsa.

Dubi yadda kyauta take tafiya. Kafin shekara 5 lamba ta kai yawancin ƙasashen Turai da Amurka, a 1802 ta kai Indiya. A 1803 Sarkin Sifen ya aiki jirgin ruwa zuwa ƙasashensa na hayin teku, da yara marayu 22 a ciki. Da yake ruwan lambar yakan lalace a doguwar tafiya, sai aka riƙa yi wa yara biyu biyu, in ƙurjin waɗannan ya nuna a ɗiba a sa wa na gaba, har aka ƙetare teku da shi da ransa. Ingila da Faransa suna cikin yaƙi a lokacin, amma Jenna bai hana abokan gaban ƙasarsa maganin ba. Napoliyon ya sa aka yi wa sojojinsa lamba, da Jenna ya roƙe shi ya saki waɗansu Ingilishi da aka tsare a Faransa, ya sake su saboda girman sunansa. Sarakuna sun aiko masa da zobba da lambobin girma, amma ya ƙare kwanakinsa a garin da aka haife shi. Shi ɗan limami ne mai tsoron Allah, a cikin takardunsa kuwa yakan ɗauki kansa kayan aiki ne kawai a hannun Mahaliccinsa.

Rauninsa da Ƙarshensa

Ba za mu ɓoye maka rauninsa ba, gama shi ma ɗan Adam ne. Ya gaskata lamba ɗaya ta isa tsare mutum har mutuwa. Da aka soma ganin waɗansu da aka yi wa tun suna yara suna kamuwa bayan shekaru, ya ƙi sakin ra'ayinsa, yakan ce ba a yi musu daidai ba ne. Bayan ransa aka tabbata ƙarfin lamba yana raguwa, sai an sake ta. Mutumin da ya yi haƙurin shekaru yana neman gaskiya, ga shi ya sha wuyar karɓar gyara a kan abin da ya ƙaunata. Wannan gargaɗi ne gare mu duka.

Baƙin ciki kuma bai tsallake gidansa ba. Tarin fuka ya ɗauke ɗan farinsa a 1810, ya ɗauke matarsa Katarina a 1815. Wanda ya tsare 'ya'yan duniya daga wata cuta, bai iya tsare nasa daga wata ba. Ya ci gaba da duban marasa lafiya na garinsu har tsufa. Ya rasu ran 26 ga Janairu, 1823, yana da shekara 73, aka binne shi a cikin majami'ar Bakli kusa da iyayensa. Jemis Fips yana cikin waɗanda suka raka shi.

Ƙarshen Agana

Tun a 1801 Jenna ya rubuta cewa ƙarshen wannan aiki shi ne a shafe agana daga duniya. Abin ya ɗauki shekara wajen 180. Ingila ta hana dashen agana a 1840, ta wajabta yi wa jarirai lamba a 1853. Amma inda lamba ba ta kai ba, cutar ta ci gaba da ɓarna, har an ƙiyasta ta kashe mutum wajen miliyan 300 a ƙarni na 20. A 1967, sa'ad da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaura mata yaƙi sosai, tana kama mutum fiye da miliyan 10 a shekara.

Ƙasarmu tana da hannu a wannan nasara. A ƙarshen 1966, a lardin Ogoja na gabashin Nijeriya, maganin lamba ya kasa. Sai wani likita, Wiliyam Fegi, da abokan aikinsa suka riƙa neman gidan da cutar ta shiga, su yi wa mutanen gidan da duk masu cuɗanya da su lamba, su kewaye ta kamar yadda ake share gefen gona domin gobarar daji ta rasa abin ci. Dabarar ta ci, aka kuwa bi ta a sauran duniya. Cikin 'yan shekaru aka yi wa mutum fiye da miliyan 100 lamba a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, a 1970 kuma aka ga agana ta ƙarshe a Nijeriya. Mutum na ƙarshe da ya ɗauke ta daga wani ta hanyar da ta saba, wani kuku ne a garin Marka na Somaliya, a watan Oktoba 1977, ya kuwa warke. Ran 8 ga Mayu, 1980, aka yi shela duniya ta rabu da agana. Har yanzu ita kaɗai ce cutar 'yan Adam da aka kawar ɗungum.

Abin Koyi

To, ya ɗan'uwa, ba kowa ne za a ba shi maganin annoba ba, amma ba wanda aka bari hannu wofi. Wani ya iya karatu, wani ya san maganin tsutsar hatsi, wata ta iya karɓar haihuwa, wani ya san ganyen da yake tsai da jini. Mun san yadda akan riƙe irin wannan sani a ɓoye, ba a faɗa wa ko ɗan'uwa, har mai shi ya mutu a binne su tare. Ka tambayi kanka, abin da ka sani wanda zai amfani maƙwabcinka, kana ba da shi, ko kana jiran ya matsu ka tsawwala masa? Wanda yake da sana'a ya ci halalinsa, ba laifi, gama Jenna ma ya karɓi ladan aikinsa. Amma kada ribarka ta zama sai ran wani ya salwanta.

Ka kuma koyi sauran halayensa. Kada ka rena magana domin daga bakin ƙaramin mutum ta fito. Kada ka yaɗa abin da ba ka tabbatar ba, musamman a kan magani da lafiyar mutane, gama masu zanen ba'a sun hana iyaye da yawa kai 'ya'yansu, agana kuwa ba ta yi musu ba'a ba. In an yi maka gyara ka karɓa, ko da a kan abin da ka fi kowa sani ne. Ka tuna da ƙananan da suka taimake ka sa'ad da ka sami girma. In kuwa ma'aikatan lafiya suka zo garinku domin rigakafin cututtukan da suka saura, kada ka ɓoye ɗanka a bayan rumbu, gama tsare shi tsare ɗan maƙwabcinka ne. Allah ya ba mu zuciyar haƙuri da buɗaɗɗen hannu. Amin.